Ƙaurar Hali Ba Tare da Jiki Ba: Tarihin Aika Kubit Daga Wuri Zuwa Wuri, 1935 Zuwa 2025



Maganar da zan yi yau ta tarihi ce, ko da yake babu sarki ko yaƙi a cikinta. Tarihin wata tambaya ce ta ilmin fiziks wadda tushenta ya faro tun shekara ta 1935: shin ana iya ɗauke halin da wani ƙanƙanin abu yake ciki a nan, a sauke shi a jikin wani abu can nesa, alhali na farkon bai gusa daga inda yake ba? In kuwa ana iyawa da abu ɗaya, ana iyawa da abubuwa da yawa waɗanda suke cuɗanya da juna? Duk wanda ya bi labarin daga farko zai lura da wani abin da ba a zata ba. Nisa, wanda kowa zai ɗauka shi ne babban cikas, ya ba da kai da wuri, domin cikin shekara ashirin an tashi daga faɗin tebur an kai kilomita 1,400. Yawa ne ya yi taurin kai. Dalilin wannan bambanci shi nake so mu bi sawunsa tare.

Kafin mu shiga, tilas in gabatar da kalma biyu. Kwamfutar da muka saba da ita tana ajiye kowane labari ne da abin da ake kira bit, watau ɗaya daga hali biyu, 0 ko 1, kamar fitila a kunne ko a kashe. Kubit shi ne takwaransa a duniyar ƙananan abubuwa, inda dokokin kwantam suke mulki. Ana yinsa da ƙwayar haske guda, wadda ake kira foton, ta hanyar duba fuskar da take kaɗawa, tsaye ko kwance. Ana kuma yinsa da atam guda mai matakin ƙarfi biyu. Ku ɗauki ƙwallo, ku ce samansa 0 ne, ƙasansa 1. Bit yana zaune ne a ɗayan wuraren nan biyu kawai, kubit kuwa yana iya nuna ko'ina a jikin ƙwallon. Sai dai da zarar an auna shi, amsa ɗaya zai bayar, ko 0 ko 1, halin da yake ciki kafin awon kuma ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Saboda haka wanda aka miƙa wa kubit ɗaya bai san halinsa ba, ba shi da hanyar karanta shi ya rubuta a takarda ya aika.

Idan kubit ya zama biyu sai al'amarin ya sake salo. Ana bukatar adadi huɗu kafin a siffanta halinsu, na uku takwas, na huɗu goma sha shida, kowane ƙari ɗaya yana ninka lissafin. Kafin a kai kubit 300, adadin ya zarce yawan atam ɗin da masana suka ƙiyasta a duk sararin da na'urorinmu ke iya hangowa. Ina wannan tulin labari yake zaune? Kaɗan ne ƙwarai yake jikin kowane kubit shi kaɗai. Mafi yawansa yana cikin dangantakar da ke tsakaninsu. Masaƙi zai fi kowa gane wannan. Adon zane ba ya cikin zaren wadari, ba ya kuma cikin abawa. Yana cikin yadda suka ratsa juna. Wanda ya warware zanen ya aika da zaren ɗaya bayan ɗaya ya aika da auduga duka, amma adon ya ɓace a hanya. Irin wannan dangantaka ta kubit ita zan riƙa kira sarƙewa.

Albert Einstein ne da abokan aikinsa biyu, Boris Podolsky da Nathan Rosen, suka fara ja hankalin duniya ga sarƙewa, a wata maƙala da suka buga cikin 1935 a Amurka. Ba don sha'awa suka yi ba, don suka ne. Sun nuna cewa bisa lissafin kwantam, abu biyu da suka taɓa cuɗanya suna iya rabuwa su yi nisa, amma awon da aka yi wa ɗaya ya faɗi abin da za a samu a ɗayan. Einstein ya ga wannan ba zai yiwu ba sai in kowannensu ya tafi da amsarsa a ɓoye tun daga gida, watau ke nan ilmin kwantam bai cika ba. Niels Bohr na Denmak ya mayar da martani a shekarar, Erwin Schrödinger kuma, wanda ya raɗa wa abin suna, ya ce wannan ita ce siffar da ta raba sabon ilmin da tsohon. Daga nan magana ta kwanta kusan shekara talatin. Yawancin masana sun ɗauke ta gardamar falsafa wadda ba ta hana kowa aikinsa.

Wanda ya tashe ta shi ne John Bell, mutumin Belfast ta Ailan ta Arewa, ma'aikaci a cibiyar CERN da ke Janiba. A 1964 ya gano cewa gardamar tana da alƙali. In gaskiyar Einstein ce, akwai iyakar da daidaituwar awo biyu ba za ta wuce ba; in lissafin kwantam ne daidai, za ta wuce. John Clauser da Stuart Freedman suka gwada a Berkeley cikin 1972, sa'an nan Alain Aspect da jama'arsa suka tsananta gwajin a Orsay ta Faransa cikin 1982, har suna sauya saitin na'urar awo alhali hasken yana kan hanya. Duka biyu kwantam ya yi nasara. Ga ma'aikatan da ke cikinmu zan ɗan tsaya in faɗi wani abu. Sa'ad da Aspect, yana matashi, ya je ya bayyana wa Bell shirinsa, abin da Bell ya fara tambaya shi ne ko yana da aiki na dindindin, domin a lokacin wanda ya sa hannu a irin wannan bincike yana iya zubar da mutuncinsa a idon manya. Binciken nan da ake gudu shi ne aka ba Clauser da Aspect da Anton Zeilinger kyautar Nobel a kansa a 2022. Bell bai ga ranar ba, ya rasu tun 1990.

Mataki na gaba kuskure ne ya haife shi. Wani masani a Kalifoniya, Nick Herbert, ya rubuta a 1981 cewa ya samo hanyar aika saƙo fiye da gudun haske. Dabararsa ita ce a raba foton biyu sarƙaƙƙu, mai karɓa ya sa nasa cikin na'urar lesa ya hayayyafa shi ya zama dubbai masu hali ɗaya, ya auna su, daga nan ya gane irin awon da mai aikawa ya zaɓa a can. Ɗaya daga cikin waɗanda mujalla ta ba su duba maƙalar shi ne Asher Peres na Haifa. Ya san lalle akwai kuskure, tun da ta saɓa wa ka'idar Einstein, amma ya ba da shawara a buga, domin a ganinsa neman inda kuskuren yake zai amfani ilmi. Haka kuwa aka yi, abin ya zama gobarar Titi. A 1982 William Wootters da Wojciech Zurek, da kuma Dennis Dieks a Holan shi kaɗai, suka tabbatar da cewa babu na'urar da za ta iya kwafe halin kubit ɗin da ba a sani ba. Wannan hukunci ya rufe ƙofar Herbert, ya kuma sa tambayarmu ta ƙara tsauri. Abin da ba ya karantuwa, ba ya kuma kwafuwa, ta yaya za a aika da shi, in ba a ɗauke shi da jikinsa ba?

An samu amsa a ƙarshen 1992, bayan wata lacca da Wootters ya yi a Montreal ta Kanada. Mutum shida suka haɗa hannu: Charles Bennett na kamfanin IBM, Gilles Brassard, Claude Crépeau, Richard Jozsa, Wootters kansa, da Peres, mutumin da ya bar kuskuren nan ya fita. Suna warwatse a ƙasashe dabam-dabam, da wasiƙar kwamfuta suka ƙarasa rubutun, maƙalar kuma ta fito a mujallar Physical Review Letters cikin watan Maris na 1993. Ko kalmar kubit babu a ciki, domin sai a 1995 Benjamin Schumacher ya fito da ita a rubuce.

Ga yadda dabarar take, kuma ina roƙo a bi ni a hankali, domin sauran labarin duka a kanta ya rataya. Akwai mai aikawa da mai karɓa, waɗanda marubutan suka kira Alice da Bob. Tun kafin ranar aike, an sarƙe kubit biyu, an ba Alice ɗaya, an kai wa Bob ɗaya. Wannan kaiwa ta zahiri ce, ta cikin zaren gilashi ko ta iska, amma kubit ɗin da aka kai babu saƙon kome a jikinsa. Ranar aike, Alice tana riƙe da kubit na uku wanda ba ta san halinsa ba. Sai ta haɗa shi da nata rabin, ta yi musu awo ɗaya tare. Awon ba ya tambayar halin kowannensu. Dangantakar da ke tsakaninsu kaɗai yake tambaya, amsa kuwa ɗaya ce daga huɗu, kowace tana fitowa sau ɗaya cikin huɗu, ko da wane hali kubit ɗin yake ciki. Don haka Alice ba ta koyi kome game da saƙon ba. Sai ta buga wa Bob waya ta faɗa masa amsar da ta samu, watau bit biyu kacal. Bisa ga amsar, Bob ya yi ɗaya daga abu huɗu: ko ya bar nasa yadda yake, ko ya juya shi ta ɗayan hanyoyi uku sanannu. Yana gamawa, kubit ɗinsa ya ɗauki ainihin halin da na Alice yake ciki. Na Alice kuwa awo ya riga ya shafe halinsa. Ba a yi kwafi ba, tun da na asalin ya tafi. Ba a kuma riga haske ba, tun da kafin wayar ta iso abin da ke hannun Bob ba shi da ma'ana.

Sunan da suka ba abin a Turance, telifoteshan, daga tatsuniyoyin kimiyya aka aro shi, inda mutum ke ɓacewa a nan ya bayyana a can. Peres bai so sunan ba, domin rabinsa Girkanci ne rabi Latin, amma aka rinjaye shi. A ganina yana da gaskiya, ko da ba don dalilinsa ba: sunan ya jawo jaridu sun shafe shekara talatin suna yi wa jama'a alkawarin tafiya ba mota. Ni ƙaurar hali zan ce. Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu yana cikin 'yan layuka na maƙalar waɗanda ba a cika ambata ba. Marubutan sun lura cewa idan kubit ɗin da Alice ta aika yana sarƙe da wani kubit na daban, to bayan ƙaura na Bob ne zai gaji sarƙewar. Ma'anar wannan babba ce. Ana iya ɗaukar kubit goma masu sarƙe da juna a aika su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa tagwayen sarƙaƙƙu da nasa bit biyu, dangantakarsu kuma ta iso can cif. Zaren ya tafi ɗaya ɗaya, adon bai ɓace ba. Halin da sai an yi amfani da adadi 1,024 kafin a siffanta shi ya ƙaura da tagwaye goma da bit ashirin. A takarda, matsalar yawa ta warware tun ran farko.

A ɗakin gwaji kuwa sai da aka yi shekara huɗu kafin a ga ko da na ɗaya. Cikin watan Disamba na 1997 rukunin Zeilinger a Innsbruck ta Ostiriya ya ba da labarin nasara a mujallar Nature. Sun harba hasken lesa ta cikin wani dutse mai raba foton ɗaya gida biyu sarƙaƙƙu, suka sami tagwaye biyu, suka ƙaurar da halin foton ɗaya daga wannan gefen tebur zuwa wancan. Cikin matasan da suka yi aikin akwai wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin, Pan Jianwei, wanda za mu sake jin sunansa. A daidai lokacin rukunin Francesco De Martini a birnin Rum ya yi nasa, aka buga a 1998. Kowanne yana da tasa tawaya. Na Innsbruck amsa ɗaya kawai yake iya ganewa daga cikin huɗun, saboda haka ko kome ya tafi daidai sau ɗaya cikin huɗu yake aiki. Na Rum yana gane huɗun duka, amma halin da ake aikawa a jikin ɗaya daga tagwayen aka rubuta shi, ba za a iya kawo baƙon foton daga waje ba. An yi ta ja-in-ja kan wanda ya riga, kuma ban ga amfanin in raba musu gardama a nan ba.

Daga nan aka shiga tseren nisa. A 2004 mutanen Zeilinger suka ƙetare kogin Danube a Biyana, tazarar mita 600. Zaren gilashin ta cikin ramin magudanar ruwa suka bi da shi a ƙarƙashin kogin, amsar Alice kuwa suka aika ta rediyo a sama. Da yake haske yana rage gudu cikin gilashi, sai amsar ta riga foton isa, Bob ya sami damar shiryawa. A 2012 rukunin Pan ya yi kilomita 97 a kan tafkin Qinghai, rukunin Zeilinger kuma ya yi 143 tsakanin La Palma da Tenerife a tsibiran Kanari. A watan Agusta na 2016 ƙasar Sin ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Mozi, sunan wani malaminsu na da can wanda makarantarsa ta yi rubutu a kan haske. A 2017 aka ba da sakamakon ƙaurar hali daga tashar Ngari ta Tibet, wadda ke sama da mita 5,000 a kan duwatsu, zuwa tauraron, har nisan kilomita 1,400. Cikin wucewa 32 da tauraron ya yi ta saman tashar, sau 911 abin ya yiwu, kamannin abin da ya isa da abin da aka aika kuma ya kai kashi 80 cikin ɗari. Domin a gane darajar adadin, wanda ya auna kubit kawai ya buga waya aka yi kirdado a can, ba zai wuce kashi biyu cikin uku ba.

To, me ya sa nisa ya yi sauƙi? Domin abokin gabarsa ɗaya ne, watau ɓacewar foton a hanya, maganinsa kuma haƙuri. In miliyan sun ɓace ɗaya ya isa, sai a ƙirga wanda ya isa a manta da sauran. Yawa ba ya yarda da wannan ciniki. An tabbatar a 2001 cewa da madubai da gilasai kaɗai, ba tare da ƙarin foton na taimako ba, awon Alice ba zai yi nasara fiye da rabin lokaci ba. Ga kubit ɗaya rabi ba laifi. Ga kubit goma kuwa dole goman su yi nasara a zubi ɗaya, watau sau ɗaya cikin 1,024, kuma in ɗaya ya faɗi, dangantakar da ke tsakaninsa da sauran ta lalace, ba kuwa kwafi a ajiye da za a sake gwadawa da shi. Haka ma kamanni. In kowane kubit yana isa da kashi 90 cikin ɗari, kura-kuran kuma ba su da alaƙa da juna, goma tare za su isa da kimanin kashi 35. Ko an kai kashi 99, kubit ɗari za su tsaya wajen kashi 37. Shi ya sa aka yi shekara tara tsakanin kubit ɗaya da kubit biyu. Sai a 2006 Zhang Qiang da Pan da abokansu, a Heidelberg ta Jamus, suka ƙaurar da halin foton biyu tare, har da wanda suke sarƙe da juna, kuma sai da suka sarrafa foton shida a lokaci ɗaya kafin su iya. Bayan wata shekara tara, a 2015, rukunin Pan da Lu Chaoyang a Hefei ya ƙaurar da siffa biyu na foton guda a zubi ɗaya, fuskar kaɗawarsa da murɗewarsa, da kamanni tsakanin kashi 57 da 68, inda iyakar kirdado take kashi 40. Ku gwada da abin da ke faruwa a ɗaya fagen: shekara biyu bayan wannan aka kai sararin sama.

Akwai wata wahala kuma wadda haske ba ya iya magancewa. Foton ba ya tsayawa, foton biyu kuma da wuya su cuɗanya da juna. Kubit ɗin da ake lissafi da su a kwamfutar kwantam dole su zauna wuri ɗaya, su kuma taɓa juna sa'ad da ake so. Irin waɗannan, muddin ba a tsayar da cuɗanyarsu ba, halinsu yana ta canzawa. In an aika na farko aka tsaya jiran na biyu, abin da aka bari a baya ya riga ya zama wani abu dabam. Ga shi kuma zafi da girgiza da maganaɗisun da ke kewaye duk suna cuɗanya da su ba da izini ba, suna satar sarƙewar kaɗan kaɗan. Saboda haka ana bukatar ma'aji, watau kubit mai iya riƙe hali shiru har aike ya kammala. Wannan ya mai da hankalin masana kan atam. A 2004 rukunin Rainer Blatt a Innsbruck, da atam ɗin kalsiyam masu caji, da na David Wineland a Boulder ta Amurka, da na beriliyam, suka yi ƙaurar da ke aiki duk sa'ad da aka nema, ko da yake tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba. A 2009 rukunin Christopher Monroe a Maryland ya kai mita ɗaya tsakanin atam biyu a akwatuna dabam, amma sai an gwada sau miliyoyi kafin a dace sau ɗaya. A Delft ta Holan, Ronald Hanson da jama'arsa suka yi amfani da wani ɗan aibi a cikin daimon a matsayin kubit: mita uku a 2014, sa'an nan a 2022 suka ƙaurar da hali tsakanin tasha biyu da babu zare tsakaninsu, ta hanyar tasha ta uku a tsakiya wadda ta riƙe sarƙewa ɗaya a ma'ajinta har aka ƙulla ta biyu. Gadon sarƙewar nan da aka ambata cikin maƙalar 1993 shi ne ya yi aiki a nan.

Ana cikin haka wata shawara ta daban ta taso, wadda a ganina ita ce ta fi canza alƙiblar binciken. A 1999 Daniel Gottesman da Isaac Chuang suka nuna cewa ana iya ƙaurar da aikin lissafi kansa. In abin da ake so shi ne kubit na nan ya cuɗanya da kubit na can, ba lalle ne a kwashe ɗaya a kai wa ɗayan a dawo da shi ba. Wannan zai ci tagwaye biyu da bit huɗu. Lissafin da aka yi a 2000 ya nuna tagwaye ɗaya da bit biyu, ɗaya ya tafi ɗaya ya dawo, sun isa a sa su cuɗanya kowanne yana gidansa. Amfanin abin a fili yake ga mai son gina babbar kwamfuta. Cusa kubit dubbai cikin akwati ɗaya yana ƙara hayaniya da wahalar sarrafawa. In kuwa ana iya gina ƙananan akwatuna a sa su yi aiki kamar ɗaya, to an sami hanya. Jami'ar Yale ta nuna wannan a 2018 cikin na'ura ɗaya mai tsananin sanyi, mutanen Boulder suka nuna da atam a 2019, rukunin Gerhard Rempe kusa da Munich ya haɗa atam biyu da zaren mita 60 a 2021 ta wata hanya mai kama da wannan, wani rukuni a Hefei kuma ya kai kilomita 7 da foton a 2024.

Ita kuwa matsalar ninkuwar kura-kurai, maganin da aka sani shi ne a ɓoye kubit ɗaya cikin sarƙewar kubit da yawa, yadda in ɗaya ya karkace sauran za su tona shi a gyara ba tare da an karanta saƙon ba. Andrew Steane na Oxford ya tsara irin wannan da kubit bakwai a 1996. A 2024 kamfanin Quantinuum ya ƙaurar da irin wannan dunƙule na bakwai daga wani rukunin atam zuwa wani, ana gyaran kuskure ana cikin aiki, da kamanni sama da kashi 97. Wannan ƙaurar hali ce ta kubit da yawa masu sarƙe da juna a ma'anar da muka fara da ita. Amma a lura, duka cikin na'ura ɗaya aka yi, tazarar da idon mutum da kyar zai raba.

Gwajin da zan rufe da shi an buga shi a Nature cikin watan Fabrairu na 2025, daga Oxford. Akwati biyu ne, tsakaninsu kimanin mita biyu, an haɗa su da zaren gilashi. A kowane akwati akwai atam biyu masu caji: na sitironshiyam, wanda aikinsa fitar da foton don ƙulla sarƙewa da takwaransa na can, da na kalsiyam, wanda yake riƙe da lissafin shiru har a ƙulla. Ƙullawar ta sa'a ce, ana ta gwadawa har a dace, amma faɗuwarta ba ta taɓa kalsiyam, domin ba a sa shi cikin aikin sai an tabbatar sarƙewa ta samu. Da wannan rabon aiki suka sa kalsiyam na nan ya cuɗanya da na can duk sa'ad da suka nema, da kamanni kashi 86 cikin ɗari. Sa'an nan suka raba wani lissafin bincike, wanda Lov Grover ya ƙirƙiro a 1996, tsakanin akwatunan biyu. Aikin shi ne a gano abu ɗaya da aka yi wa alama a cikin abu huɗu, da duba ɗaya tak. Mai dubawa ɗaya da hanyar da muka saba, in bai dace ba ya yi kirdado cikin ukun da suka rage, rabin lokaci zai ci. Akwatunan Oxford sun ci sau 71 cikin ɗari. Kubit biyu ne suka yi lissafin, shekara 32 bayan maƙalar mutum shida, a tazarar da ba ta kai tsakanin wannan mumbari da layin kujeru na farko ba.